Kafin a ce wa ɗan manomi ya sayi sabon faifai

Ina koyar da kwamfuta a Ɗambatta, a wani ɗan ɗaki mai tebura kaɗan da batirin sola, kuma akwai wata shawara da nake ji ana ba yaranmu wadda nake so in yi jayayya da ita a bainar jama'a. Idan laftof ɗin ɗalibi ta cika, ta fara jan ƙafa, jan layi ya fito a ƙarƙashin faifan C, ɗayan biyu ake gaya masa: ko ya sayi faifai mafi girma, ko a yi mata fomatin a fara daga farko. A yawancin na'urorin da suka zo hannuna da wannan ciwo, babu wanda ake buƙata a cikin biyun. Wurin da ake nema yana nan a cikin na'urar. Kwamfutar da yaron ya girka a cikin kwamfutarsa ce ta riƙe shi, kuma ana iya karɓo shi tsakanin azahar da magariba ba tare da an kashe ko sisi ba.

Neman ilimi ne ya jefa su a wannan hali. Tun da ma'aikatar sadarwa ta tarayya, ƙarƙashin Dakta Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023 da burin horar da matasa miliyan 3, samari da 'yan mata na nan garin da na ƙauyukan da ke kewaye da mu suka fara neman darussan tsaron intanet da kula da manyan na'urori. Wasu kuma ɗaliban jami'ar Bayero ne ko ta Wudil da suke dawowa hutu da aikin makaranta a jaka. Duk wanda zai koyi tsaron intanet sai ya taɓa Kali Linux, wanda zai koyi kula da manyan na'urori sai ya taɓa Ubuntu. Yaro kuwa laftof ɗaya gare shi, kuma Windows ce a kanta. Sai malami ya ce masa ya sauko da VirtualBox, manhajar da ke ba shi damar gina wata kwamfutar a cikin tasa, mai nata faifan da nata tsarin, tana buɗewa a taga kamar kowace manhaja. Ta wajen ita ce mai masauki, ta cikin baƙuwa. Dabarar ta daɗe: kamfanin IBM ya yi ta a manyan injinansa tun shekarun 1960, VMware ya kawo ta kan kwamfutar tebur a 1999, wani ƙaramin kamfanin Jamus mai suna Innotek ya saki VirtualBox kyauta a 2007, ta bi ta hannun Sun ta faɗa hannun Oracle a 2010. Ga ɗan Ɗambatta da ba shi da kuɗin na'ura biyu, wannan rahama ce.

Sai dai a duba irin laftof ɗin da ake ɗora wa wannan kaya. Kusan dukkansu na hannu ne, an sayo su a layin Beirut ko a wurin wani dillali a cikin birnin Kano, faifan ciki SSD mai giga 128, wanda ya yi sa'a 256. Na san yadda ake haɗa kuɗinsu domin iyayen suna gaya mini: buhun riɗi, ko gyaɗar da aka ajiye don rani, ko tunkiyar uwa da aka kai kasuwa ranar Lahadi. Windows 11 ita kaɗai giga 64 ne mafi ƙarancin wurin da Microsoft ya ce a tanadar mata. Ubuntu tana neman giga 25. Idan yaro ya ƙara Kali, ya zuba bidiyon darussan da ya sauko da su da daddare lokacin da data ta fi arha, tun bai yi komai ba ya kusa bakin bango. A irin wannan na'ura giga goma dukiya ce.

Ga yadda wurin yake ɓata. Faifan baƙuwar kwamfuta fayil ne guda ɗaya a kan faifan mai masauki. A VirtualBox sunansa yana ƙarewa da VDI. Lokacin ƙirƙirarsa kusan kowa yana zaɓar nau'in da ke girma a hankali: ka ce masa iyakarsa giga 80, amma ranar farko ko giga ɗaya bai ci ba, sai abin da aka rubuta a ciki yake ci. Wannan tsari yana da kyau, kuma shi nake ba ɗalibaina shawarar su zaɓa. Abin da ba a gaya musu shi ne fayil ɗin ya iya girma da kansa amma bai iya raguwa da kansa ba.

Sannan ga sinafshot, wato hoton halin da baƙuwar take ciki a wani lokaci, wanda za ka iya komawa gare shi idan ka ɓata wani abu. Malamai suna son sa, ni ma ina son sa, domin yana cire wa ɗalibi tsoron gwaji. Kafin ka buɗe wata muguwar manhaja don ka ga yadda take aiki, ka ɗauki sinafshot. Idan ta lalata tsarin, ka koma baya cikin minti ɗaya. Amma da zarar ka ɗauke shi, VirtualBox yana rufe babban fayil ɗin, ba ya ƙara rubuta komai a cikinsa, sai ya buɗe wani sabon fayil a folda mai suna Snapshots, duk canjin da aka yi daga wannan lokaci can yake tafiya. Idan na'urar tana kunne aka ɗauka, har abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta a lokacin sai an adana a wani fayil dabam. Ka ɗauki na biyu, a rufe na farko a buɗe wani. Yaron da ke ɗaukar sinafshot kafin kowane darasi, cikin wata biyu ya tara sarƙar fayiloli, kowanne ya dogara da na bayansa. Sabunta Kali sau ɗaya kawai yana iya zuba giga biyu ko uku a cikin na ƙarshen.

To, jan layi ya fito, wani ya ce masa ai sinafshot ne suka cinye wurin, ya goge su. Ya goge. Ya jira sandar nan ta cika, ya koma ya duba faifan C, sai ya ga ɗan abin da ya dawo bai taka kara ya karya ba. A nan ne yake yanke ƙauna, kuma a nan ne ya kamata a ce wani ya taɓa yi masa bayani. Goge sinafshot ba zubar da abin da ke cikinsa ba ne. VirtualBox yana kwashe canje-canjen ne ya haɗe su da babban fayil, domin baƙuwar ta ci gaba da zama yadda take a yau. Ƙananan fayilolin sun tafi, babban ya ƙara ƙiba. Shi kuma babban yana ɗauke da duk wani gurbi da aka taɓa rubutu a cikinsa, har da na abubuwan da yaron ya goge tun watan jiya, domin idan ka goge fayil a cikin baƙuwa, sunansa kawai take cirewa daga lissafinta, bayanan suna kwance a inda suke.

Mu da muka tashi inda gona ke manne da gona, abin ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ka ɗauka maƙwabcinka ya ara maka gefen gonarsa, da sharaɗin duk inda ka shuka naka ne har sai ka tashi. Bana ka yi kunya goma, baɗi ka ƙara ashirin. Kaka ta yi, ka ɓalle masararka ka kai gida, a wurinka ka gama da wajen. Amma karan yana tsaye. Mai gona idan ya leƙo daga kan iyaka kara yake gani, ba shi da hanyar sanin wanne ne ke da goyo wanne ne fanko, don haka ba zai sa garma ba. Sai ka sare karan, ka share wurin fes, sannan ka je ka ce masa ya zo ya auna abinsa. Aiki biyu ne ke nan, ɗaya daga ciki, ɗaya daga waje, kuma goge sinafshot bai yi ko ɗaya a cikinsu ba.

Da damina wani ɗalibina daga wajen Gwarabjawa ya zo da mahaifinsa. Dattijon ya zauna a kan benci, ya ce, "Malam, yaron nan ya ce injin ya cika. Mun kai wa wani mai gyara a birni, ya ce sai an sa sabon faifai, ko kuma a wanke komai. Ni dai ban san kan abin ba. In sayen ne, a bar ni sai an yi kaka."

Na ce, "Baba, a ba ni zuwa la'asar. In ba ta yiwu ba, ni da kaina zan gaya muku."

Yaron ya matso ya ce, "Malam, wallahi na goge su duka, babu ko ɗaya da ya rage." Gaskiya ya faɗa. Muka buɗe Kali muka tambaye ta nawa take amfani da shi, ta nuna abin da bai kai giga 25 ba. Muka fito waje muka duba fayil ɗinta a kan Windows, ya haura giga 60. Tsakanin waɗannan lambobi biyu akwai wurin da ya fi abin da yaron yake nema. Kafin a kira la'asar fayil ɗin ya sauko kusa da abin da ke cikinsa na gaskiya, jan layin ya ɓace. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne cewa a cikin wannan baƙuwar kwamfuta akwai aikin wata huɗu da yaron zai miƙa don a ba shi takardar shaida, kuma ba shi da kwafinsa a ko'ina. Da an bi shawarar wankewa, da ya tafi.

Ba na zargin mai gyaran da mugunta. Abin da ya sani ya faɗa, kuma a sana'arsa faifai idan ya cika to ya cika. Amma jahilcin abu ɗaya a bakin wanda aka yarda da shi yana iya cinye wa gida buhun hatsi.

Bari in faɗi yadda ake aikin, domin jarida tana isa inda ajina ba ya isa. Abu na farko, kafin a taɓa komai, a kwafe duk foldar baƙuwar zuwa wani faifan waje ko babban filash, ko da na aro ne, na'urar tana kashe. Sannan a goge sinafshot ɗin daga cikin VirtualBox, ɗaya bayan ɗaya, a bar kowanne ya gama haɗewa. A nan akwai tarko biyu da suka fi kama yaranmu. Haɗewar tana buƙatar sarari a faifan mai masauki, domin babban fayil yana girma kafin a cire ƙaramin. Idan faifan ya cika maƙil, aikin zai tsaya a tsakiya. Don haka a fara kwashe bidiyo da hotuna zuwa waya ko filash a samar da 'yan giga. Tarko na biyu wuta ce. Yawancin laftof ɗin nan batirinsu ya mutu ko ya kusa, a jikin soket suke rayuwa. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar haɗewa, sarƙar tana iya tsinkewa, baƙuwar ta ƙi tashi. A gidan da babu sola ko janareta mai tabbas, gara a ɗauki na'urar a je inda akwai. Ni a ɗakina ba na fara wannan aiki sai rana ta take, batir ya cika.

Kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, kada ya shiga foldar Snapshots ya goge fayilolin nan masu dogayen sunaye da hannunsa. Na ga waɗanda suka yi haka saboda sun ga girman fayilolin, sun ɗauka shara ce. Duk aikin da aka yi tun ranar da aka ɗauki sinafshot a cikinsu yake. Wanda ya goge su haka, wurin zai dawo nan take, amma da aikinsa ya biya.

Bayan an gama haɗewa sai a shiga cikin baƙuwar a yi shara ta gaskiya: tsofaffin fakitin sabuntawa, kwandon shara, abubuwan da aka sauko da su aka gama da su. Daga nan sai a cika duk gurbin da ba kowa da sifili, domin sifili shi ne alama ɗaya da mai masauki yake ganewa a matsayin fanko. Idan baƙuwar Windows ce, akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna SDelete, cikin kayan Sysinternals na Microsoft waɗanda Mark Russinovich ya rubuta; a kira ta da alamar -z ta bi faifan ta zuba sifili. Idan Linux ce mai tsarin ext4, akwai zerofree, sai dai ita tana so a tayar da na'urar ta hanyar gyara, faifan yana halin karatu kawai. Akwai masu cika faifan da ƙaton fayil na sifili sannan su goge shi. Wannan ma yana aiki, amma a wasu nau'o'in faifai yana kumbura fayil ɗin kafin a matse shi, saboda haka ba na son sa ga mai ƙarancin wuri. Idan an gama, a kashe baƙuwar kashewa ta sosai, ba a ajiye ta tana barci ba. Sai a buɗe baƙin allon umarni na Windows, a shiga foldar da VirtualBox yake zaune, a rubuta VBoxManage modifymedium disk, a bi shi da cikakken adireshin fayil ɗin VDI, a ƙare da --compact. Zai ƙirga daga 0 zuwa 100, yana cire duk gurbin da sifili ne zalla. Shi ke nan.

Wani lokaci a yi duk wannan fayil ɗin ya ƙi raguwa, kuma dalilin ba ya wuce biyu. Ko dai fayil ɗin ba VDI ba ne, VMDK ne da ya zo cikin wata na'ura da aka sauko da ita a shirye, shi kuwa wannan umarni na matsewa VDI yake yi wa aiki. Maganin shi ne a kwafe shi zuwa VDI da umarnin clonemedium, sabon kwafin zai fito ba tare da fankon ba. Ko kuma faifan baƙuwar a kulle yake da BitLocker ko LUKS, inda sifilin da aka rubuta a ciki yake fitowa waje a matsayin rubutun sirri, mai masauki ba ya ganin sifili ko ɗaya. Ɗaliban tsaron intanet suna son kulle faifai domin darasinsu ya koya musu haka, sai dai ya kamata su san abin da kullen yake jawowa ta wannan fuska tun ranar girkawa.

Ba VirtualBox kaɗai ke da wannan hali ba. VMware Workstation, wanda kamfanin Broadcom ya mayar kyauta a 2024 bayan ya sayi VMware a ƙarshen 2023, yana da maɓallin matse faifai a cikin saitunansa. Hyper-V na Microsoft yana da umarnin Optimize-VHD. Har waɗanda ba su san suna da baƙuwar kwamfuta ba suna da ita: duk wanda ya kunna WSL 2 don ya yi Linux a cikin Windows, ko ya girka Docker Desktop, akwai wani fayil mai ƙarewa da VHDX da ke ɓoye can cikin foldar AppData yana girma a hankali. Wata ɗalibata mai koyon gina shafukan intanet ta share kusan duk hotunan bikin yayarta tana neman wuri, alhali wannan fayil ne ya riƙe shi. Shi ma ana matse shi da diskpart, wanda ke cikin kowace Windows, bayan an kashe WSL.

Akwai waɗanda za su ce wannan ƙaramin abu ne, bai kai a ɓata shafin jarida a kansa ba, kuma na ji hujjojinsu daga abokan aikina. Ta farko, duniya ta koma gajimare. Yaro ya buɗe na'ura a Amazon ko Google ko Microsoft ya huta da cikar faifai. Mai faɗin haka bai zauna da ɗalibi a Fagwalawa ko Ajumawa yana ɗaga waya sama yana neman sabis ba. Na'urar gajimare tana son layin da ba ya yankewa, kuma yawanci tana son katin banki da ke biyan dala. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Garinmu ne ya ba ƙasar nan Farfesa Umar Garba Ɗambatta, wanda ya shugabanci wannan hukuma daga 2015 zuwa 2023, muna alfahari da haka, kuma sadarwa ta faɗaɗa ƙwarai a shekarun nan. Duk da haka, wanda ke sayen data da kuɗin ƙwai ya san bambancin giga ɗaya da giga biyar. Kali da aka shirya don VirtualBox tana kusa da giga 3 wurin saukowa, Windows 11 ta haura giga 5. Wanda ya ce wa yaro ya goge baƙuwar ya sauko da sabuwa, kuɗin data ya ɗora masa, ban da kwanakin da zai yi yana mayar da saitunan da ya rasa.

Hujja ta biyu, faifai ya yi arha. A kasuwar duniya, in aka kwatanta da shekaru goma da suka wuce, haka ne. Amma da dala ake shigo da shi, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun tsakiyar 2023. Ban da haka, sabon faifai ba ya warkar da ciwon. Yaron da bai san yadda fayil ɗin yake girma ba zai cika giga 512 kamar yadda ya cika 128, lokaci kawai zai ƙara ɗauka.

Hujjar da ta fi nauyi a wurina ita ce ta malaman da ke cewa lokacin darasi kaɗan ne, manhajar karatu tana da yawa, ba za su tsaya koyar da sharar faifai ba alhali ba a kai ga ainihin tsaron intanet ba. Na fahimce su, ni ma da agogo nake koyarwa. Amma ina ganin sun ɗauki wannan a matsayin abin gefe, alhali yana tsakiyar sana'ar. Yaran nan muna horar da su ne domin wata rana su riƙe na'urorin banki, da asibiti, da jami'a, ko irin cibiyar ajiyar bayanai da kamfanin Galaxy Backbone ya gina a Kano. A waɗannan wurare kusan komai a kan baƙin kwamfutoci yake gudana, kuma sinafshot da aka manta da shi yana cikin sanannun abubuwan da ke cika ma'ajiya su tsayar da aiki. Shi ya sa VMware da kansa yake gargaɗin kada a bar sinafshot ya wuce awa 72, kuma ko da yake sarƙar tana iya kai 32, kada a tara fiye da biyu ko uku. Yana kuma nanata cewa sinafshot ba kwafin ajiya ba ne: yana zaune a kan faifai ɗaya da asalin, ya dogara da shi, idan faifan ya mutu tare za su tafi. Ɗalibin da ya koyi wannan a kan tsohuwar laftof ɗinsa a Ɗambatta, ya ga da idonsa fayil ya sauko daga giga 60, ya riga ya fahimci abin da wasu ba sa fahimta sai ranar da na'urar ofis ta tsaya a hannunsu. Ƙarancin da muke kuka da shi ya ba yaranmu dalilin koyon abin tun da wuri, in dai akwai mai nuna musu.

Ni abin da nake yi yanzu, ranar da ɗalibi ya girka baƙuwarsa ta farko, ranar nake sa shi ya buɗe foldar ya rubuta girman fayil ɗin a bayan littafinsa. Ya zuba wani babban fayil a ciki, ya sake dubawa, ya goge shi, ya sake dubawa. Idan ya ga lambar ba ta sauko ba, shi da kansa yake tambaya, kuma amsar da mutum ya nema da bakinsa ta fi zama. Daga nan mu yi sharar da matsewar tare. Ka'idar ajinmu kuma ita ce sinafshot ɗaya mai tsabta bayan girkawa, ɗaya kafin gwaji mai haɗari, a goge na biyun da zarar gwajin ya ƙare, sannan duk ranar Juma'a a kwafe aikin da ke ciki zuwa filash. Wanda ya ɗan ƙware ina nuna masa yadda ake kunna saitin da ke sa baƙuwar ta riƙa sanar da mai masauki da kanta duk gurbin da ta saki, ta yadda umarnin fstrim kaɗai zai riƙa rage fayil ɗin. Duk wannan bai fi darasi ɗaya ba.

Darasin nan guda nake roƙon masu tsara horo su saka, ko na 3MTT ne, ko na hukumar NITDA, ko na sassan kwamfuta a manyan makarantunmu, har da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke nan garin, inda ɗalibai ke ƙara dogaro da kwamfuta wurin aikin bincikensu. A sa shi a makon farko, a ranar da ake cewa a sauko da VirtualBox, kada a bari sai faifai ya cika. A kuma yi shi da Hausa inda ɗaliban Hausawa ne, domin bayanin yana nan birjik a intanet amma da Turanci, a warwatse, kuma an rubuta shi ne don mutanen da ke da faifai na biyu da wutar da ba ta ɗaukewa.

'Yan'uwana masu gyara kuma, na Ɗambatta da na Kazaure da na cikin birni, roƙona gare ku ƙarami ne. Idan ɗalibi ya kawo laftof ya ce ta cika, kafin ku faɗi kuɗin SSD ko ku ɗauko filash ɗin fomatin, ku tambaye shi ko yana da VirtualBox, ko VMware, ko WSL. Ku buɗe foldarsa ku duba girman wadda ake kira VirtualBox VMs, sannan ku kunna baƙuwar ku ga nawa take amfani da shi a ciki. Idan lambobin biyu sun yi nisa da juna, ku yi masa sharar da matsewar, ku karɓi kuɗin aikinku, halal ɗinku ne. Idan kuma sun yi kusa, to faifan ya cika da gaske, sai ku gaya wa mahaifinsa ya fara shiri.